Durowa ta Huɗu

Alhamis, 7 ga Maris, ƙarfe bakwai na safe

Kai da ka tsinci littafin nan ka buɗe ba da izinina ba, tsaya in tambaye ka. Ka taɓa shiga bas rungume da fo ɗin marasa lafiya, mutane na toshe hanci alhali sabo ne dal, don kawai wata tsohuwa ta dube shi ta gaya maka sunansa? Ba ka taɓa ba, ko? To karanta kawai, ka riƙe hukuncinka.

Ni Sio Kuan na yi. Sau uku ma na yi, don haka dokar maigidana Mestre Olímpio take.

Shekara uku muna kan aikin nan ni da shi. Tsofaffin Macau masu jinin Fotugal, in shekaru suka tura, Ingilishi ne ke fara zube musu, sannan yarenmu na Kanton ya bi, sai Fotugancin da suka sha a nono ya rage. Masu jinyarsu kuwa matan Filifin ne, Ingilishi suke ji. Tsohuwa na kuka, mai jinya na kuka, ba mai gane wani. Shi ne Mestre ya ce mu yi musu ɗan littafi: kalmar Ingilishi a hagu, ta Fotuganci a dama. Amma fa ba daga ƙamus ba. Cewa yake ƙamus bai taɓa kwanciya a asibiti ba.

Shi zai rubuta kalmar Ingilishi a fuskar kati ya miƙo mini. Ni kuma in ɗauki abin da kansa in kai gaban tsofaffi, ba ni da ikon buɗe baki. In ba abin ɗauka ba ne, in kwaikwaya. Na yi ɗingishi, na yi aman ƙarya, na yi susa a gaban mata 'yan shekara casa'in, na miƙe a ƙasa kamar gawa. Sai baki uku sun faɗi kalma ɗaya kafin ta hau kati. A bayan katin in rubuta sunayensu, in buga jan hatimina. Kati dubu ɗaya da ɗari tara, durowa biyar.

Shekaranjiya Talata na ga bangon littafin a kwamfutar Nélio. Suna biyu ne a kai, na Mestre da nasa. Nélio, da watansa huɗu kacal da dawowa daga jami'ar Coimbra ta Fotugal da digirinsa, aka kawo shi ya riƙa buga mana katunan. Na duba sama, na duba ƙasa, ba nawa.

A Talatar dai aka kai Mestre asibiti. Ban taɓa shi ba. Murya na ɗaga, ita ma ba can ba.

Alhamis ɗin dai, sha biyun rana

Dona Lídia, 'yar Mestre, ta kira sau huɗu. Ban ɗauka ba.

Asabar, 9 ga Maris, bayan an tashi daga kasuwa

Ina cikin naɗe wa wata mata busasshen kifi a rumfarmu, Mama ta ce ba tare da ta kalle ni ba:

"A-Kuan, mene ne wancan da ka tura ƙarƙashin gado?"

"Kayana ne."

"Yaushe kayanka suka yi hannun tagulla?"

"Mama, kayana ne na ce."

"To. Ni dai na haifi mai baƙin rai, ban san na haifi mai ɗauke-ɗauke ba."

Ɗauke-ɗauke! Durowa ta huɗu ce, ta jiki da ciwo, kati ɗari huɗu da goma sha biyu, ita kaɗai ce Nélio bai kai ga bugawa ba. Kowane kati a ciki ƙafata ce ta samo shi. Wanda ya ɗauki ƙafarsa ya tafi gida da ita, sata ya yi?

A rumfar nan na koyi Fotuganci, ba a wata Coimbra ba. Babana yakan sayo tsofaffin jaridun Fotuganci na naɗin kifi, ni kuma in karanta su kafin a naɗe, da ɗan ƙamus mara bango da na tsinta a shara. Ingilishi kuma a ɗakin wankin otal. Ba malamin da ya taɓa tsayawa a kaina. Har yau in na ji warin kifin gishiri sai haruffa su riƙa zuwa mini.

Litinin, 11 ga Maris, ƙarfe uku na rana

Da yanzu ina hawa matakalar gidan Mestre a unguwar São Lázaro. Ban san yadda ake yi da ƙarfe uku ba.

Bari in rubuta abu ɗaya a kan Nélio, sannan in daina.

Shekara uku ina shiga gidan nan. Shayi ake ba ni a kofi, a tsaye, kusa da akwatin katuna. Nélio ranarsa ta biyu aka ce ya zauna a ci minchi, niƙaƙƙen nama da dankali irin nasu. Ina ɗakin aiki ina jin ƙarar cokula. Mestre na cewa, "Sake faɗa, ɗana, sake faɗa, kunnena ya daɗe bai ji an yi maganar nan yadda ya kamata ba." Ɗana! Ni kuwa yaro. Zo nan yaro, kai wannan yaro. In na buɗe baki da Fotuganci sai ya runtse ido kamar an taka masa ɗan yatsa, wai ina furta kalmomi yadda aka rubuta su. To a rubuce na same su, da wa zan koya?

Takalman Nélio ma ba sa ƙara a matakala.

Na ce zan daina. Shi fa bai san ko tsohuwa ɗaya ba. Bai san Dona Zulmira ba ta magana sai an fara yaba tsuntsunta ba.

Laraba, 13 ga Maris, da safe

Saƙo daga Nélio: "Ɗan'uwa, durowa ta huɗu ba ta nan. Ko ka san inda Mestre ya aje ta? Ƙungiyar tsofaffi ta sa ranar ƙaddamarwa ashirin ga Afrilu."

Ɗan'uwa. Ta uwa ko ta uba?

Ya san inda take. Ladabi ne irin nasu, mai sa mutum jin kamar bai yi wanka ba.

Juma'a, 15 ga Maris, ƙarfe biyar na yamma

Na je gidan tsofaffi wajen Dona Zulmira, hannu rabbana. Tana ganina ta buga sandarta a ƙasa.

"Ga mai ƙazwa ya zo! Yau me za ka yi mana, haihuwa?"

"Gaisuwa kawai na zo, Dona Zulmira. Tsuntsun ya yi ƙiba."

"Ƙarya kake, gashi yake zubarwa. Zauna. Ka je ka ga Olímpio?"

Na ce aiki ya yi mini yawa.

"Aikin me, na ƙirga kifi? Ya farfaɗo tun Litinin. Ɓarin dama ya tafi. Ingilishin nan da yake mana taƙama da shi ya tafi, yarenku ma ya tafi. Ya zama irinmu." Ta yi dariya har da tari. "Mutum ya haƙa rijiya don maƙwabta, ga shi shi ne farkon jin ƙishi. Ai gara da kuka gama littafin."

Ta daɗe tana kallona da idonta mai gani.

"Kun gama, ko?"

Na ce saura kaɗan.

"Kai, fuskar nan taka ba ta iya ɓoye komai ba. Shi ya sa muke saurin gane abin da kake kwaikwaya."

Lahadi, 17 ga Maris, sha ɗaya na safe

Na hau har ƙofar asibiti. Na ga Nélio ya fito daga tasi da kwanon miya. Na juyo.

Talata, 19 ga Maris, ƙarfe huɗu na yamma

Mako biyu.

Laima ta sauko, bango na gumi, madubi ba ya nuna fuska. Na jawo durowar na tarar fumfuna ta fara kama katunan baya. A gidan Mestre akwai injin tsotse danshi da ke aiki ba dare ba rana, a ɗakina babu. Na shimfiɗa su a kan gado ina bin su ɗaya-ɗaya da abin busar da gashin Mama. Ban rasa ko ɗaya ba. Wani ɓarawon zai yi haka?

Ina busarwa ina karanta bayansu. Mutum goma sha ɗaya daga masu sunayen nan sun riga sun mutu. Akwai kalmomin da in aka ce a sake nemo musu baki uku yau, ba za a samu ba.

Ban taɓa shi ba. Na faɗa, ina sake faɗa. Da na bar gidan Mestre yana zaune a kujerarsa lafiya ƙalau, sai bayan awa biyu ya faɗi a kicin. Awa biyu ba wasa ba ce, komai na iya faruwa a ciki.

Maganar da na yi kan ƙafarsa ita ce ba ta kamata ba. Cewa na yi shekara tamanin da ɗaya ƙafarsa ba ta taɓa taka Fotugal ba, shi ya sa duk wanda ya zo da ƙurar can a takalmi sai ya durƙusa ya lashe. Gaskiya ce. Amma ba ta kamata ba.

Abin da ya ce kawai, "Zauna, yaro."

Juma'a, 22 ga Maris, ƙarfe biyu na rana

Har rumfa Nélio ya biyo ni. Farar riga a kasuwar kifi! Ya gai da Mama da yarenmu, ya karkata kai, ya tambaye ta wane kifi ya fi dacewa da kunun shinkafa. Mama da ba ta yi wa kowa murmushi sai ga haƙora waje. Har ƙari ta yi masa.

Muka koma bayan rumfa.

"Kuan, ba faɗa na zo yi ba. In babu ta huɗu babu littafi. Ita ce ma littafin, sauran cokali ne da labule."

"Ashe ka sani."

"Na sani mana."

"To a sa sunana a bango, gobe ka ga durowa."

"Ba ni na cire ka ba. An ba ni takarda ne na buga abin da ke ciki."

"An ba ka! Kullum ba ka ake yi. An ba ka Coimbra, an ba ka kujera a teburi, an ba ka bango. Kai ba ka taɓa ɗaukar komai da hannunka ba, faɗo maka yake yi kamar kashin tsuntsu."

Sai ya yi dariya. Ba ta raini ba, da ma ta rainin ce.

"Bakinka ya fi kifin nan gishiri," in ji shi. "Ka zo ka ga Mestre. Za a sallame shi gobe."

Da ya tafi Mama ta ce, "Yaro mai hankali. Uwarsa ta huta."

Har Mama.

Litinin, 25 ga Maris, ƙarfe shida na yamma

Marivic ce mai jinyar da Dona Lídia ta ɗauko wa Mestre. Na san ta tun a gidan tsofaffi, Ate nake ce mata kamar yadda ƙannenta ke kiranta. Ɗazu ta tare ni a tashar bas, idonta jawur, ko gaisuwa babu. Ta danna wayarta ta kafa mini a kunne.

Muryarsa ce. Ta yi nauyi, harshe na jan ƙasa. Kalma ɗaya yake ta maimaitawa, yana nishi a tsakani.

"Kwana biyu ke nan," in ji ta. "Na ba shi ruwa, na juya shi, na kawo fo, na kira likita. Fassarar waya ba ta gane ba. Dona Lídia a makarantar Ingilishi ta tashi, ba ta sani ba. Nélio ya buɗe ƙamus uku."

Nélio ya buɗe ƙamus uku! Na rantse sai da na ji wani daɗi ya ratsa ni tun daga wuya har ciki. Ina rubuta shi nan don haka ya faru.

Tun a faɗa ta biyu na gane. Kalmar da tsofaffin garin nan ke faɗa ce in jijiyar ƙafa ta ɗaure. Babu ta a ƙamus, a Lisbon ma ba a san ta ba. Mako uku na yi ina riƙe ƙwauri ina birgima a gaban mutane kafin in cika mata baki uku. Ba zan rubuta ta a nan ba, kada wata rana littafin nan ya faɗa hannun Nélio.

Na ce, "Ƙafarsa ce ta hagu, mai lafiyar. Ki miƙe ta, ki tura yatsun sama, ki sa tawul mai ɗumi."

Ta sa wayar a jaka. Na zaci godiya za ta yi.

"Gobe fa? Gobe in ya faɗi wata, in sake hawa bas in nemo ka? Kai ne Allah yanzu? Kuan, an gaya mini abin da ke ƙarƙashin gadonka. Ban damu da sunan wa ke kan bango ba, ku sa na kare in kuna so. Mu aka yi wa katunan nan. Mu!"

"Ate, ba ki san abin da aka yi mini ba."

"Na san abin da ake yi masa."

Talata, 26 ga Maris, da safe

Ba zan mayar ba. In na mayar, da me zan tsaya?

Talatar dai, ƙarfe ɗaya

Ba zan mayar ba.

Laraba, 27 ga Maris, ƙarfe biyar na yamma

Na mayar.

A kafaɗa na hau da ita, na zura ta a gurbinta, ta shige kamar ba ta taɓa fita ba. Dona Lídia na tsaye a bakin ƙofa. "Ka kyauta," ta ce, da muryar da ake yi wa mai kawo tukunyar gas.

An mayar da gadon Mestre falo. Ya ƙanƙance, bakinsa ya karkace. Nélio na gefensa yana karanta masa jarida, hannunsa na hagu cikin na Nélio. Cikin nasa. Na tsaya kamar wanda ya ɓata hanya.

Ya gan ni. Na san ya gan ni, idon ya tsaya a kaina. Na shirya abin da zan faɗa tun a bas, duk ya gudu. Sai ya motsa baki ya faɗi kalma ɗaya. Nélio ya sunkuya yana "Na'am, Mestre?" Ni kuwa na riga na zagaya na ɗaga masa kai na gyara matashin. Matashi yake so a ɗaga.

Ya lumshe ido. Ya sake laluben hannun Nélio.

Ke nan.

Juma'a, 29 ga Maris, ƙarfe shida na yamma

Yau Juma'ar da ke gaban Ista, coci-coci ba ƙararrawa, unguwar tsit. Kullum yanzu ƙarfe uku ina can. Ba wanda ya kira ni, ba wanda ya kore ni. Ina zaunar da Ate Marivic a kicin muna bin katunan, ita ta karanta Ingilishin, ni in faɗi ɗayar, ta maimaita. Furucinta ya fi nawa, har wannan ma. Ta manna guda talatin a jikin firiji.

A ɗaya ɗakin ina jin yatsun Nélio a kan kwamfuta, kacau-kacau, yana haɗiye durowa ta huɗu. Can sai ya leƙo: "Kuan, wannan rubutun naka me ya ce?" In gaya masa. Fuskar kati kawai yake bugawa. Bayan, inda sunayen tsofaffi da hatimina suke, kifewa yake yi ya ɗauki na gaba.

Ba wanda ya ƙara ta da maganar bango. Na ba da abin hannuna, yanzu sai kallo.

Alhamis, 4 ga Afrilu, bayan mun dawo daga sharar kabari ta shekara-shekara

Mun kai wa Baba kaza da lemo, na goge hotonsa, Mama ta kunna turare. Tana cikin zuba masa shayi ta ce, kamar da shi take:

"Ga ɗanka nan. Ba ka taɓa ce masa ya yi ƙoƙari ba har ka tafi, shi ne yake yawo gidajen mutane yana neman uban da zai faɗa masa."

Na ce, "Mama, a gaban mutane?"

"Waɗanne mutane? Duk matattu ne."

Na kwashe kayan muka koma gida.

Litinin, 8 ga Afrilu, ƙarfe bakwai na yamma

Gwajin bugu ya zo daga maɗaba'a. Na ɗauka a kan teburi na juya shi gaba da baya. Sai Dona Lídia ta ce in biyo ta ɗakin aiki, ta rufe ƙofa.

"Kuan, na gaji da kallon da kake yi wa yaron nan kamar ya kashe maka wani. Zo ka gani."

Ta ciro takarda daga aljihun teburin Mestre. Rubutunsa ne, na san shi ko a duhu, mai dogayen wutsiyoyi. Tsarin littafin ne tun daga bango. A sama akwai kwanan wata, shekara biyu da suka wuce, da baƙin tawada. Sunan littafi, sunansa shi kaɗai. Can ƙasa, wajen godiya, bayan ƙungiya, bayan masu gidan tsofaffi, bayan likita, layi ɗaya: da yaro Kuan, wanda ya yi mini aike.

A ƙarƙashin sunansa kuma, da shuɗin biro, sabon rubutu, hannunsa dai: tare da Nélio. Ya sa wata, Fabrairun bana.

Na karanta sau uku. Wato a Fabrairu ya jawo takardar nan, ya zauna, biro na hannunsa, ya ƙara suna. Idonsa ya bi ta kan layin ƙasa. Ya mayar da biro aljihu.

"Abin da Papá ya rubuta shi za a buga," in ji ta. "Ba zan taɓa ko ɗigo ba alhali yana kwance. Kuma kada ka sa in buɗe bakina kan ranar Talata. Maƙwabciya ta ji komai."

Na ce, "Ban taɓa shi ba."

"Ban ce ka taɓa shi ba."

Talata, 9 ga Afrilu, da safe

Wanda ya yi mini aike.

Talatar dai, sha biyu

Wata guda ina zagin Nélio a banza. Ko wannan Mestre bai bar mini ba, ko dalilin ƙinsa.

Juma'a, 12 ga Afrilu, ƙarfe biyar da rabi

Nélio ya same ni a matakala.

"Na ce wa Dona Lídia a cire nawa a sa naka. Ta ƙi. Na ce a sa uku. Ta ƙi. In kana so, ranar ƙaddamarwa in aka ba ni magana sai in faɗi wanda ya yi aikin."

"Ka riƙe sadakarka."

"Ba sadaka ba ce, gaskiya ce."

"Daga bakinka sadaka ce. Ka tashi da farar rigarka ka ce ga bawan Allah nan a tafa masa, a tafa, a ce kai Nélio akwai kirki. Ka ci bango, ka ci kirki kuma? Bar mini wani abu mana."

Ya ce, "To me kake so?"

Abin da nake so ba a hannunsa yake ba. Yau na gane haka. Da maɗaba'a za ta buga sunana da ruwan zinariya bisa umarnin Nélio, ba zai yi mini komai ba.

Mai koya wa Mestre magana ta zo yau. Ta ce fahimtarsa ƙalau take, duk abin da aka faɗa da Fotuganci yana ji. Jimla ce ba ya iya haɗawa. Amma e da a'a sun dawo masa tsaf, ba ya rikita su.

Laraba, 17 ga Afrilu, ƙarfe huɗu na yamma

Na sami Mestre shi kaɗai. Ate Marivic na shanya, Dona Lídia ta fita, Nélio na maɗaba'a. Na jawo kujerar Nélio na zauna. Karo na farko da na zauna a falon nan.

Na fara da ba shi haƙuri kan maganar ƙafa. Da Fotuganci na yi, a hankali, yadda nake furtawa ɗin nan da ba ya so. Ya kalle ni. Na ce yana jina? Ya ce e, sarai.

Na ce, "Mestre, littafin nan, aike na yi ko aiki?"

Na ga ba tambayar e ko a'a ba ce, na gyara. "Ni da kai muka yi shi?"

Ya dubi silin. Ya dubi taga. Na jira, ina jin injin danshi na gurnani a ɗaya ɗakin. Can ya ɗaga hannun hagu ya nuna jaridar da ke kan teburi. Na ɗauka zan karanta masa. Ya ce a'a. Sarai ita ma. Ya nuna ƙofa, wato a jira mai karantawa.

Ba rashin baki ba ne. Ya ji, ya iya, ya ƙi.

Juma'a, 19 ga Afrilu, ƙarfe shida na yamma

Gobe ƙarfe huɗu a zauren ƙungiya. An jera kujeru tamanin, na taya jerawa. Za a kawo Mestre a keken marasa lafiya, an goge masa kwat. Za a kawo tsofaffi a motar gidansu, Dona Zulmira ta ce a sa ta a gaba. Matan Filifin za su zo da yawa, Ate Marivic ta gayyato su. An rubuta suna a kujerun layin farko. Na duba, ba nawa.

Mama ta ce in zauna a gida. Ate ta ce in na ta da masa hankali ba ni ba ita. Dona Lídia ba ta san komai ba. Na san abin da za a ce: wanda ya kwantar da tsoho ya dawo ya ƙarasa shi. A faɗa.

Ba zan ɗaga murya ba. Zan bari a gama jawabai, a gama tafi. Sannan in tashi daga baya in tako har gabanka, Mestre Olímpio, in tsaya inda kowa zai gan mu, gaban matan da na yi birgima a ƙafafunsu shekara uku, su da suka san wanda ya zo musu da wanda bai zo ba. A ɗaki ka dubi silin. A zaure ba silin da zai ɓoye ka.

Ba na son Dona Lídia ta amsa maka. Ba na son Nélio ya sunkuyo ya fassara, ba abin fassarawa. In a'a ce, ka faɗe ta da bakinka kowa ya ji, in juya in koma wa kifina, ba za ka ƙara ganina ba. Amma ka faɗa.

Ni da kai muka yi littafin nan? E ko a'a, Mestre. Duka biyun kana da su. Ka amsa mini a gaban jama'a.